Yadda ake auna ninkin ƙarfi a gajeren jan ƙarfe ba tare da yaudarar kai ba

Duk mai leƙa bidiyoyin 'yan ɗaga ƙarfe ya taɓa cin karo da wanda ya ce ya ɗaga ninki biyar ko shida na nauyin jikinsa. In ka lura sai ka ga sandar tana zaune a kan matokarai cikin keji, wato ginshiƙan ƙarfen da ake ɗora sanda a tsakaninsu, daidai tsakiyar cinyarsa, ya ɗan miƙe, ƙarfen ya motsa da faɗin yatsu uku, aka yi ihu, shi ke nan. Wannan shi ne gajeren ja, wanda ake ce wa rak ful a gidajen motsa jiki. Cikakken ja kuwa, wato dedlif, daga ƙasa sandar ke tasowa har mutum ya miƙe tsaye cak.

Gajeren ja atisaye ne mai amfani, kuma lissafin ninki hanya ce mai kyau ta sanin inda ƙarfinka ya kai. Sai dai in aka haɗa su biyun ba tare da an faɗi daga wane tsayi aka ɗauko sandar ba, lambar da za ta fito ba ta gaya wa kowa komai. Ga yadda ake yin aikin daga farko, yadda lambar za ta yi maka amfani.

Kafin nan, yana da kyau ka san ma'aunin da duniya ta riga ta kafa a cikakken ja. A 1985, Lamar Gant ɗan Amurka, mai nauyin kilo 60, ya ja kusan kilo 300 daga ƙasa, kuma shi ne mutum na farko da ya ninka nauyinsa sau biyar a gasa. A 2016 Eddie Hall ya ja kilo 500 a birnin Leeds na Ingila, sannan a 2020 Hafthor Bjornsson ya ja kilo 501 a ƙasarsa Ayislan yana da nauyin da ya kai kilo 200 da 'yan kai. Ninkinsa bai wuce biyu da rabi ba. Riƙe waɗannan lambobi a ranka, za mu dawo kansu.

Mataki na 1: Auna jikinka

Da safe ake hawa sikeli, bayan an zaga, kafin a ci ko a sha, da tufafi marasa nauyi. Ajiye sikelin a kan daɓen siminti ko tayil, domin a kan tabarma ko kafet ba ya ba da lamba daidai. Ka yi haka safiya uku a mako guda, ka haɗa, ka raba uku. Nauyin mutum na iya hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu tsakanin safiya da dare saboda ruwa da abinci kawai, kuma ga mai kilo 60 wannan ya isa ya sauya ninkinsa. Kada ka yi amfani da nauyin da ka gani da la'asar a watan azumi, ko bayan ka sha gumi a bazara. Ruwa ne ya fita, zai dawo kafin gari ya waye.

Mataki na 2: Auna ƙarfen

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2. Amma sandar da mai walda ya yanko daga bututu tana iya zama kilo 8, tana iya zama 14, kuma in ka tambaya a wurin za a ce maka ashirin ce. Fayafan siminti da ake zubawa a roba sun fi haka rikici: ɗaya ya fi ɗaya, suna shan danshi da damina, suna ɓantarewa a gefe. Fayafan gwanjo da suka fito daga Amurka kuma da fam aka rubuta su. In ka ga 45 a jiki, kilo 20.4 ke nan, domin kilo ɗaya fam 2.2 ne. Akwai masu ɗaukar wannan 45 ɗin a matsayin kilo, su kwana suna murnar ƙarfin da ba su da shi.

Maganin abin mai sauƙi ne. Hau sikeli hannu wofi, rubuta. Rungumi faifan ka sake hawa, ka debe lambar farko daga ta biyu. Yi wa kowane faifai da sandar kanta haka, ka rubuta nauyin gaskiya a jikinsu da fenti. In fayafan sun fi ƙarfin sikelin gida, 'yan gwangwan da masu sayen hatsi suna da babban sikeli.

Ka auna faɗin faifan ma. Faifan gasa santimita 45 ne daga baki zuwa baki, don haka tsakiyar sanda tana santimita 22.5 daga ƙasa. Wannan shi ne "ƙasa" a ƙa'idar cikakken ja. In fayafan wurinku manya ne, ko tayoyin mota kuke sakawa, to gajeren ja kuke yi ba ku sani ba.

Mataki na 3: Zaɓi tsayi ɗaya, ka auna shi da tef

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Abin da ke sa jan ƙarfe wahala shi ne tazarar da ke tsakanin kwankwasonka da layin da sandar ke bi. Lokacin da sandar ke ƙasa, ka duƙa, ɗuwawunka ya yi baya sosai, tazarar ta yi faɗi, tsokokin baya da na ɗuwawu da na bayan cinya suna aiki a yanayi mafi tsanani. Kowace santimita da sandar ta hau, gangar jikinka na ƙara miƙewa, kwankwaso na matsowa kusa da ƙarfen, aikin na raguwa. Bokitin ruwa da ka riƙe jikin cinyarka da wanda ka miƙa hannu gaba da shi nauyinsu ɗaya, amma ka san wanda zai fara gajiyar da kai. Idan sandar ta kai tsakiyar cinya, tazarar ta kusa ƙarewa, ƙasusuwanka sun jeru a tsaye, su ke ɗauke da yawancin kayan. Shi ya sa masu binciken wasanni, in suna son auna iyakar ƙarfin da ɗan wasa zai iya fitarwa, a tsakiyar cinya suke kafe masa sandar ya ja. Nan ne wurin da jikin ɗan Adam ya fi ƙarfi a wannan motsi.

In aka ci gaba da gajarta tafiyar, lambobin sukan fita hankali. A 1993 Gregg Ernst ɗan Kanada ya shiga ƙarƙashin dandamali ɗauke da motoci biyu, ya tallafe shi da bayansa, ya ɗaga kilo 2,422 da ɗan tazara kaɗan. Ya haura ninki goma na jikinsa nesa ba kusa ba, kuma babu mai hankalin da zai ce don haka ya fi Lamar Gant iya jan ƙarfe daga ƙasa.

Tsayi uku ne aka fi amfani da su. Na farko ƙasa da gwiwa, sandar na taɓa ƙwauri da faɗin yatsu biyu zuwa huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa. Na biyu daidai gwiwa. Na uku sama da gwiwa, daga bakin cinya zuwa tsakiyarta. In ka tambaye ni, na farkon za ka zaɓa. A nan bayanka yana duƙe kusan yadda yake a cikakken ja, ƙafafunka kuma ba su samu damar ba sandar gudu daga ƙasa ba, don haka abin da ka gina a nan yana bin ka zuwa cikakken ja. Wasu ma sukan tarar sun fi rauni a wannan tsayi fiye da daga ƙasa, kuma wannan ba abin kunya ba ne, labari ne mai amfani game da inda jansu ke maƙalewa. Na sama da gwiwa yana da ɗan amfaninsa wajen ƙarfafa riƙo da saman baya da saba wa jiki da kaya mai nauyi, amma mafi yawan masu yin sa don hoto suke yi.

Da ka zaɓi tsayi, ɗauko tef irin na tela ko na kafinta ka auna abu biyu. Ɗaya, daga ƙasa zuwa tsakiyar sanda tana kan matokarai. Biyu, ɗauki sandar babu faifai ka miƙe cak, wani ya auna daga ƙasa zuwa tsakiyarta. Debe ta farko daga ta biyu, ka samu tafiyar da sandar ke yi. A ce a tsaye sandarka na santimita 75. Daga ƙasa tafiyarta santimita 52 da rabi ce. Daga matokari mai santimita 46, ta koma 29. Daga tsakiyar cinya, a ce santimita 68, saura 7 kacal. Wanda ya ja kilo 300 tsawon santimita 7 bai yi ko kashi ɗaya cikin uku na aikin wanda ya ja kilo 160 tsawon santimita 52 ba, in ka ninka nauyi da tafiya.

Kada ka dogara da lambar ramin keji, ka ce "ina ja daga rami na biyar". Keji ya bambanta da keji. Kuma tsayi ɗaya ba ɗaya ba ne ga mutum biyu: santimita 46 daf da gwiwa take ga gajeren mutum, ga dogo kuwa tana ƙasa da gwiwa sosai. Rubuta duka biyun, santimita da kuma inda sandar ta taɓa a ƙafarka.

Mataki na 4: Shirya wurin

Matokaran biyu su zama daidai wa daida, ka duba da idonka daga gaba, ka tabbatar sun kulle a ramukansu. Sakin kaya mai nauyi a kan matokaran ƙarfe yana lanƙwasa sanda, kuma sandar da ta lanƙwashe ba ta komawa daidai. In wurin na da tsohuwar sanda, ita za ka ɗauka, mai wurin zai gode maka. Abin da ya fi shi ne a ɗora fayafan kansu a kan katako mai kauri ko tabarmin roba da aka jera, maimakon a ɗora sandar a kan ƙarfe. Bulon siminti mai rami a ciki kuwa kada ka kusance shi, yana fashewa ba sallama. Sa makulli a bakin fayafai, ka cire takalmi mai laushin ƙasa. Takalmi mai shafaffen ƙasa ko ƙafa da safa sun fi.

Mataki na 5: Yadda ake jan

Tsaya ƙafafu daidai faɗin ƙugu, yadda kake tsayawa a cikakken ja. Matso har sandar ta taɓa ƙafarka, tana saman tsakiyar tafin ƙafa. Tura ɗuwawu baya, ka ɗan sassauta gwiwa, ka kama sandar daga wajen ƙafafu. Kafaɗunka su kasance saman sandar ko ɗan gaba da ita kaɗan. Matse hammatarka kamar kana hana wani abu faɗuwa daga ciki, wannan ke riƙe sandar jikinka. Ja numfashi zuwa ciki, ka ƙanƙame tumbinka ta ko'ina.

Kada ka fizga. Fara ja a hankali har ka ji sandar ta ƙame a hannunka, ta daina wasa a cikin fayafai, sannan ka danna ƙasa da ƙafafu, ka turo kwankwaso gaba. Sandar ta hau tana shafar cinya. In ka miƙe, gwiwa ta kulle, ɗuwawu ya matse, ka tsaya nan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kada ka gantsare baya don nuna ka gama, ƙashin bayanka ne ke biyan kuɗin wannan burgar. Sauke ta da iko, ta zauna sarai a kan matokarai, ka sake numfashi, sannan ja na gaba. In kana buga ta a kan ƙarfe tana tasowa da kanta, ba kai kake ɗagawa ba.

Akwai wata dabara da ke kumbura lamba a gajeren ja fiye da komai: mutum ya zura gwiwoyinsa ƙarƙashin sandar, ya kwanta baya, ya ɗora ta a cinya yana turo ta sama da kaɗan-kaɗan. A dokar gasar ɗaga ƙarfe ta hukumar IPF wannan ja ya faɗi, domin an hana tallafe sanda da cinya, an kuma hana ta yin ƙasa kafin a gama. A gasar ƙarfafan duniya, inda su Hall da Bjornsson suka yi suna, an yarda da shi, an kuma yarda da maɗaurin hannu, wato igiyar da ke ɗaure hannu da sanda. Zaɓi doka ɗaya ka tsaya a kanta. Shawarata ka bi mai tsaurin.

Batun riƙo: hannu bibbiyu suna kallonka shi ne asali. In kaya ya yi nauyi, wasu kan juya hannu ɗaya yana kallon gaba. Yana hana sanda zamewa, amma hannun da aka juya shi ne inda jijiyar damtse ke tsinkewa, musamman in an ɗan lanƙwasa gwiwar hannu. A gajeren ja, inda kayan ya fi wanda ka saba, maɗaurin hannu ya fi aminci. Sai dai ka rubuta cewa da maɗauri ka ja, haka ma bel.

Mataki na 6: Wanda bai kamata ya gwada iyakarsa ba

Riƙe numfashi a ƙarƙashin kaya mai nauyi yana harba jini sama na ɗan lokaci. Wani bincike da aka wallafa a 1985 daga Kanada ya auna jinin masu ɗaga ƙarfe kai tsaye daga jijiya suna tura nauyi da ƙafafu, aka samu wanda nasa ya kai 480 bisa 350. Eddie Hall kansa, da ya ajiye kilo 500 ɗin nan, zubewa ya yi, jini na fita ta hancinsa. Gajeren ja kuma yana ba ka damar ɗora abin da ya fi ƙarfinka na yau da kullum. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ƙaba ko gwaiwa, mai amosanin jini, wanda ciwon baya ke saukar masa zuwa ƙafa, da mace mai juna biyu ko wadda ta haihu kwanan nan, duk su ga likita kafin su taɓa wannan. Wanda kuma bai kai wata shida yana cikakken ja da kyakkyawan tsari ba, ya bar gajeren ja tukuna. In kana cikin ja ka ji wani abu ya tsinke, ko ƙafa ta yi sanyi ta mutu, ko kai ya sara maka farat ɗaya, ajiye ka nufi asibiti.

Mataki na 7: Ranar gwaji

Gwaji biyu za ka yi, mako guda a tsakaninsu: cikakken ja tukuna, sannan gajere. Ba tare da na farkon ba, na biyun ba shi da abin da za a gwada shi da shi.

Ɗumama jiki na minti goma, sannan ka hau a hankali: sanda kaɗai sau goma, rabin abin da kake sa ran ja sau biyar, kashi 70 cikin ɗari sau uku, kashi 80 sau biyu, kashi 90 sau ɗaya. Huta minti uku zuwa biyar tsakanin masu nauyin. Ba dole ne ka nemi ja ɗaya tilo na ƙarshen ƙarfinka ba. Zaɓi nauyin da za ka iya ja sau uku zuwa biyar da tsafta, ka tsaya da zarar bayanka ya fara lanƙwashewa fiye da yadda ya faro. Daga nan sai lissafin Epley ya ƙiyasta maka iyakarka: raba yawan jan da 30, ka ƙara 1, ka ninka da nauyin. In ka ja kilo 150 sau biyar, 5 a raba 30 ya ba da 0.167, a ƙara 1, a ninka da 150, ya zama kilo 175. Ƙiyasi ne, kuma yana ƙara kaucewa in jan ya wuce goma.

Jingina wayarka a gefe, daidai tsayin ƙugu, yadda za ta ɗauki jikinka duka da matokaran. Bidiyon da aka ɗauka daga gaba ko daga ƙasa yana ɓoye tsayin sanda, yana ɓoye lanƙwasar baya.

Mataki na 8: Lissafin

Lamba uku za ka fitar.

Ta farko ita ce ninkin da kowa ya sani: nauyin da ka ja a raba da nauyin jikinka. Mai kilo 65 da ya ja 160 daga ƙasa yana da ninki 2.46. In ya ja 180 daga ƙasan gwiwa, ninkinsa a nan 2.77. Kada ka taɓa rubuta 2.77 ita kaɗai. Rubuta ta da kayanta: kilo 180, jiki kilo 65, sanda a santimita 44, ƙasa da gwiwa, tafiya santimita 31, da maɗauri, da bel.

Ta biyu ita ce mafi amfani gare ka: gajeren ja a raba da cikakken ja. A misalin nan, 180 a raba 160 ya ba da 1.125, wato gajeren ya fi da kashi 12 da rabi cikin ɗari. Don ka samu abin gwadawa, dubi ƙarfafan duniya. Suna da wani ja da ake yi daga tsayin inci 18, kusan santimita 46, da akwatuna rataye a bakin sanda. Tom Magee ɗan Kanada ya ja kilo 535 a haka a 1983. Eddie Hall ya ja 536 a 2017, wato kashi 7 cikin ɗari kawai sama da 500 ɗinsa ta ƙasa. Rauno Heinla ɗan Istoniya ya ja 580 a 2022, a shekarar da ya ja 476 daga ƙasa, bambancin kusan kashi 22. Kuma su doguwar sanda suke amfani da ita, mai lanƙwasawa, wadda ke barin mutum ya ɗan miƙe kafin kayan ya rabu da ƙasa. To in kai daga ƙasan gwiwa kana fin cikakken janka da rabi, ka sake duba tef ɗinka da bidiyonka, akwai inda aka samu rangwame.

Yadda nake karanta wannan lamba: in gajeren ja daga ƙasan gwiwa bai fi cikakken ba, ko ya gaza shi, rauninka na tsakiyar tafiya zuwa sama ne, kuma gajeren ja zai yi maka magani. In ya fi shi da rubu'i ko sama, samanka ya riga ya yi ƙarfi, matsalarka tana ƙasa, wajen rabo da daɓe. Ƙara gajeren ja a wannan hali ɓata lokaci ne. Abin da kake bukata shi ne tsugunno da sanda, da ja kana tsaye a kan katako mai kaurin santimita 3 zuwa 5 don tafiyar ta ƙaru.

Ta uku don kwatanta kanka da wani ne. Ninki yana fifita ƙaramin jiki, kuma dalilin a halitta yake. Ƙarfin tsoka yana bin kaurinta, nauyin jiki kuwa yana bin tsawo da faɗi da kauri gaba ɗaya, don haka in jiki ya girma nauyi yana rigan ƙarfi hawa. Galileo ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1638 yana maganar ƙasusuwan dabbobi. Ita ce ta sa Gant ya kai ninki biyar, Bjornsson ya tsaya a biyu da rabi. Gyaran da ake yi shi ne a raba nauyin da aka ja da nauyin jiki da aka ɗaga zuwa 0.667. A kalkuletar waya, kwantar da wayar a gicciye, maɓallin da ke da x da ƙaramar y a samanta zai fito: rubuta nauyinka, danna shi, rubuta 0.667. Na kilo 65 zai ba ka kusan 16.2, na kilo 95 kusan 20.8. Yanzu a ce abokinka mai kilo 95 ya ja 205. Ninkinsa 2.16, naka 2.46, kana ta yi masa dariya. Amma 160 a raba 16.2 ya ba da 9.9, shi ma 205 a raba 20.8 ya ba da kusan 9.9. Kunnen doki kuka yi. Wannan gyaran ma yana ɗan danne manya-manyan ƙatti, domin ba duk nauyinsu ne tsoka ba, amma tsakanin mutane masu matsakaicin jiki ya fi ninki adalci.

Za ka ga manhajojin lissafin maki irin su Wilks da DOTS da IPF GL. An gina su ne a kan sakamakon gasa na cikakkun ɗagawa. In ka zuba musu lambar gajeren ja, makin da za su ba ka ba shi da ma'ana.

Mataki na 9: Sa shi cikin atisayenka

Sau ɗaya a mako ya isa, bayan cikakken ja ko a madadinsa mako bayan mako. Fara da kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na iyakar gajeren janka in sau uku za ka ja, ko ƙasa da haka in sau biyar ne. Zubi uku ko huɗu, wato ka yi jan, ka huta, ka sake, har sau uku ko huɗu. Ƙara kilo biyu da rabi zuwa biyar a mako in na baya ya tafi da tsafta, kuma kowane mako na huɗu ka rage kaya da kashi ɗaya cikin uku. Jijiyoyi da gaɓoɓi ba sa saurin sabawa kamar tsoka, kuma gajeren ja yana ɓoye gajiya: ba ka haki sosai, sai bayan kwana biyu ka ji bayanka ya riƙe.

Akwai tsohuwar hanya da na fi so a kan ƙara kaya. Bob Peoples, manomi daga jihar Tennessee, wanda ya ja kusan kilo 329 a 1949 yana da nauyin kilo 82, yana cikin waɗanda suka fara ƙera keji da hannunsu don ja daga tsayi daban-daban. Paul Anderson, wanda ya zauna da shi ya koya, ya kuma ci zinare a gasar Olamfik ta 1956 a Melbourne, an san shi da tsayawa cikin rami yana ɗaga kaya mai nauyi da gajeriyar tafiya, yana ƙara ƙasa a ramin kaɗan-kaɗan har tafiyar ta cika. Kai ma za ka iya haka ba tare da haƙa rami ba. Ɗauki nauyin da ya fi cikakken janka da kashi 5 cikin ɗari, ka ja shi daga ƙasan gwiwa. Kada ka ƙara ko kilo ɗaya. Bayan kowane mako biyu, cire tabarmar roba ɗaya daga ƙarƙashin fayafai, ko ka sa katako mai kaurin santimita 2 ƙarƙashin ƙafafunka. In wani tsayi ya ƙi, zauna a kansa har ya yarda kafin ka sauka.

Bayan mako takwas zuwa goma sha biyu, maimaita gwajin biyu a tsayin farko, da sanda ɗaya, da takalmi ɗaya, ka sake hawa sikeli safiya uku. In ninkin gajeren ja ya hau amma cikakken ja na nan inda yake, sauke matokaran da rami ɗaya ko biyu a zango na gaba. In ninkin ya hau ne don kawai ka rame, duba kilon da ke kan sandar: in bai ƙaru ba, ƙara abinci da barci kafin ka ƙara faifai.